Tarihi Ya Dawo Aji, Saura A Ba Wa Ƙannenmu Taswira

Yawancinmu da muke wannan makaranta mun yi firamare da ƙaramar sakandare ba mu taɓa zama a ajin da ake kira na tarihi ba. Tun daga zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi daga manhajar matakin farko a Najeriya, aka tsakuro ɗan abin da aka tsakuro aka cusa shi cikin darasin Soshiyal. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da dawo da shi a matsayin darasi mai zaman kansa, tare da shirin horar da malamai 3,700. A 2025 kuma sabuwar manhaja ta wajabta shi tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Wannan abin a yaba ne, kuma na yaba.

Amma akwai abin da nake jin tsoro. Ina tsoron tarihin ya dawo a irin sigar da muka saba da ita a sauran darussa, wato malam ya cika allo da rubutu, yara su kwafe, su haddace, su juye a takardar jarrabawa, bayan sati biyu a tambaye su ka ji shiru. Idan haka za a yi, to an ƙara wa jakar yaro nauyin littafi ɗaya ne kawai. Ra'ayina shi ne, yaron da ke aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare ya isa a koya masa yadda ake binciko tarihi, ya kuma isa a koya masa karanta taswira da zana ta, kuma abubuwan nan biyu tare ya kamata su tafi. Ni ɗalibi ne na ajin ƙarshe na difloma a sashen safiyo, shekaruna 22, don haka za a iya cewa kowa ya yabi tuwonsa. To, a dai saurare ni tukuna.

Me ake nufi da binciken tarihi ga yaro ɗan shekara 12 ko 13? Babu wanda ya ce a tura shi rumbun adana takardu na ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa ya yi wata guda yana buɗe fayil. Tambayoyi uku kawai ake so su zauna masa a ka. Wa ya faɗa? Ta yaya ya sani? A ina abin ya faru? Tambaya ta ɗaya da ta biyu su ne bincike, ta ukun ita ce taswira. Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyin ya samu abin da zai yi masa amfani ko da daga baya ya manta sunan kowane sarki.

Bari in ba da misali da abin da ke gabanmu a nan Kano. Duk littafin da ka ɗauka zai gaya maka Bagauda ya fara sarauta a shekarar 999. Yaro zai haddace, ya ci maki. Amma a ina aka samo 999 ɗin? Tsohon littafin tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda labarinsa ya tsaya a ƙarshen ƙarni na 19, yana faɗin shekara nawa kowane sarki ya yi a kan mulki. Baturen nan H. R. Palmer, wanda ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, shi ne ya yi lissafi da baya da baya, yana ɗebe shekarun sarki bayan sarki, har ya sauka a kan wannan shekara. Ka ga kenan lissafi ne aka yi, kuma idan aka samu kuskuren shekara goma a mulkin sarki ɗaya, duk waɗanda suka gabace shi sun gusa. Sannan ga Waƙar Bagauda, wadda ita ma take jero sarakunan Kano, amma jerinta bai yi daidai da na littafin ba a wurare da dama. Yanzu a ce malami ya rubuta jerin biyu a allo, gefe da gefe, ya ce wa yara su nemo inda suka saɓa, sannan ya tambaye su me suke gani ya jawo saɓanin. Wallahi darasin ranar ya fi haddar sunaye 40 amfani. Kuma kayan aikin suna nan da Hausa: akwai fassarar tarihin a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, akwai kuma Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji.

Wani zai ce wannan ai koya wa yara raina magabata ne. A'a. Mu da muka taso a gidajen da ake karatun hadisi mun san ba a karɓar magana sai an tambayi wa ya ruwaito ta, daga wa ya ji, kuma shi amintacce ne ko kuwa. Babu wanda ya taɓa kiran wannan rashin ladabi. Tambayar asalin magana al'adarmu ce ta ilimi tun kafin boko ya zo. Abin da ake nema shi ne yaro ya ɗauki irin wannan tarbiyyar ya shiga da ita ajin tarihi.

Sai maganar taswira, wadda ita ce ta fi damuna. A tsarin karatunmu, labarin ƙasa darasi ne na babbar sakandare, kuma ko a can ba kowa yake ɗaukarsa ba. Saboda haka mutum zai iya gama sakandare, ya shigo Poli, bai taɓa riƙe taswira ya nemo unguwarsu ba. Duk wanda ya yi aji ɗaya a sashenmu ya ga yadda ake fama a satin farko na fita fili, a ce wa mutum ya nuna arewa ya tsaya yana kallon sama. Ba daƙiƙanci ba ne, rashin koyarwa ne. Ga shi kuwa tarihi ba ya zama a ka idan ba a san wurin da ya faru ba. Ka ce wa yaro Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ganuwa, ya ce to. Daga ina zuwa ina? Me ya shigo ciki wanda a da yake waje? Idan babu zane, maganar iska ce kawai.

Ganuwar Kano kuwa kamar don wannan darasi aka gina ta. Littafin tarihin ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin, wanda bisa lissafin Palmer ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta ta wajen Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa har zuwa Kansakali, kuma a zamaninsa aka gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, aka kafa Kasuwar Kurmi. A zamanin Muhammadu Nazaki, 1618 zuwa 1623, Wambai Giwa ya sake faɗaɗa ta ta wajen Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga. A ba yara kwali da fensir mai launi uku, a sa musu ɗigo a inda Dala yake da inda Goron Dutse yake da inda kowace ƙofa take, a ce su haɗa layin kowane zamani da launinsa. Da hannunsu za su ga birnin yana girma, su ga ta wane ɓangare ya miƙe. Daga nan tambayoyi za su fara fitowa da kansu. Me ya sa aka faɗaɗa ta nan ba ta can ba? Mutane nawa aka tara suka yi wannan aiki? Ina aka samo ƙasar ginin?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce take kai mu ga kududdufai. Ramukan nan da suka cika birni ba haka kawai suka samu ba, daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina gidaje da ita, kamar yadda aka haƙi ta ganuwa daga ramin da ya kewaye ta. Da damina kuma su ne suke shanye ruwan unguwa. Yau an cike da yawa daga cikinsu da shara, an yanka filoti, an yi gini a kai. Ruwa kuwa bai san an sayar da wurin ba, duk shekara sai ya dawo inda ya saba kwanciya. Wata gwaggona ta tara kuɗin adashinta na shekaru ta sayi fili awon igiya da rani, ƙasa a bushe ƙarau, dillali yana ta rantsuwa. Damina biyu aka yi katangar ta kwanta, ɗakin ya tsage. Sai daga baya wani dattijo a unguwar yake cewa ai nan wurin suna yara har kifi suke kamawa. Tambaya ɗaya ga wannan dattijo, ko duba tsohon hoton wurin daga sama, da ya tsare mata dukiyarta. Wannan shi ne binciken tarihi da sanin taswira a rayuwar yau da kullum, kuma a ƙaramar sakandare ya kamata a fara sa wa mutum shi a jiki.

Akwai tsofaffin zane-zanen birnin da za a iya nuna wa yara. Hugh Clapperton ya zo Kano a 1824, ya bayyana wata fadama da ta raba garin biyu, wato Jakara, wadda yau aka mayar magudanar ruwa ta siminti. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo a 1851, ya hau Dala ya zana garin, ya kuma ƙiyasta mazaunansa da kusan 30,000. Abin da zai ba yaro mamaki a taswirarsa shi ne, babban ɓangare na cikin ganuwa babu gidaje, fili ne da gonaki. A ajiye wannan taswira kusa da hoton tauraron ɗan Adam na yau, a ce wa yara su faɗi abin da ya sauya. Sannan a tambaye su: me zai sa mutane su sha wahalar kewaye gonaki da ganuwa? Da kansu za su gano cewa garin da abokan gaba suka yi wa zobe yana buƙatar abinci daga ciki, yana kuma buƙatar wurin da mutanen karkara za su fake da dabbobinsu. Kuma a nan ne malami zai tuna musu tambayar farko: wa ya zana? Baƙo ne, kwanakinsa a garin ƙidayayyu ne, ƙiyasi ya yi ba ƙidaya ba. Taswira ma magana ce ta wani mutum, ana iya tuhumarta kamar yadda ake tuhumar labari.

Kada kuma a bar yara su ɗauka zanen taswira abin Turawa ne kaɗai. A wannan tafiya ta 1824, da Clapperton ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi masa bayanin yadda kogin Kwara yake tafiya, aka kuma ba shi taswirar ƙasashen yankin, wadda aka buga a littafin tafiyar a Landan a 1826 da sunan Bello. A lokacin Turawa suna ta gardama a kan inda kogin yake ƙarewa. Haka nan a farkon mulkin mallaka, malamai 'yan ƙasa ne suke zagaya gonakin ƙasar Kano suna auna su da taki domin yanka haraji, har aka san su da malaman taki. Wannan ma darasi ne mai kyau, domin yana nuna wa yaro cewa awo yana da alaƙa da iko: wanda ya auna gonarka shi yake faɗin abin da za ka biya.

To ta yaya za a koyar a makarantar da ko kujeru ba su isa ba? Da taki ɗin nan dai. A samu igiya mai tsawon mita 20, a shimfiɗa a filin makaranta, kowane yaro ya taka ya ƙirga takunsa. Daga nan ya san tsawon takinsa, ya zama yana yawo da ma'auni a ƙafarsa. Sati na farko a zana aji, na biyu a zana harabar makaranta, na uku kowa ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta. A yarda cewa santimita ɗaya a takarda tana madadin taki goma, shi ke nan an koyi ma'aunin taswira. Idan daga baya aka nuna masa taswirar gwamnati mai ma'aunin 1:50,000, aka ce santimita biyu a nan kilomita ɗaya ce a ƙasa, ba zai ji abin baƙo ba. Wannan duk lissafin aji ɗaya ne, malamin lissafi ma zai ji daɗi.

Sanin kusurwoyi ma muna da mafari a gida. Kowane yaro Musulmi ya san inda ake fuskanta a yi salla, kuma muna kiran wajen gabas. Amma alƙibla daga Kano ba gabas ce sak ba, ta karkata wajen arewa, kusan digiri 68 idan aka fara ƙirge daga arewa, alhali gabas sak digiri 90 ce. A kafa sanda a fili da safe, a bi inuwarta har yamma ana sa alama, a fitar da gabas da yamma na gaskiya, sannan a gwada da sahun masallacin makaranta. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya ba zai sake tsayawa yana kallon sama ba idan aka ce ya nuna arewa. Nawa aka kashe? Sanda da duwatsu.

Bayan an iya zana unguwa sai a shiga tarihinta, kuma sunayen unguwanninmu kaɗai sun isa aikin zango guda. Zangon Barebari yana gaya maka inda fataken Barno suke sauka. Tudun Nufawa ya faɗi su wa suka zauna a wurin. Ayagi tana da alaƙa da Yarabawan da suka daɗe a cikin birni, Agadasawa kuma sunan ya nuna daga inda suka taso. Sharifai ana danganta ta da zuwan Shehu Magili a zamanin Rumfa. Dandalin Turawa kuwa tarko ne mai kyau ga ɗalibi, domin zai ɗauka mutanen Ingila ake nufi, alhali Larabawan arewacin Afirka ne 'yan kasuwa, waɗanda su aka fara kira Turawa. Ƙofar Famfo ma sunanta kaɗai ya tona cewa ba tsarar Ƙofar Mazugal ba ce. A raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya je wurin dattawa biyu daban, namiji da mace in da hali, ya tambayi asalin sunan unguwa, ya rubuta wa ya faɗa, ranar yaushe, kuma shi daga wa ya ji. Idan bayanan biyu suka saɓa, kada malam ya yi saurin cewa wannan ne daidai. A rubuta duka biyun a allo, aji ya tattauna. Yaron da ya zana taswirar da ke nuna Barebari a nan, Nufawa a can, Yarabawa a gaba, duk a cikin ganuwa ɗaya tun ɗaruruwan shekaru, zai yi wuya wani ya zo da rana tsaka ya ruɗe shi da zancen wane baƙo ne wane ɗan gari.

Wanda ba ɗan Kano ba kada ya ce wannan bai shafe shi ba. Zariya tana da ganuwarta da ƙofofinta, Katsina tana da Gobarau, Daura tana da rijiyar Kusugu. Ƙauyen da ba shi da ko ɗaya yana da kufai, yana da tsohuwar rijiya, yana da burtali, yana da kukar da ake cin kasuwa a gindinta a da. Burtali ma kaɗai, da za a sa yara su tambayi dattawa inda ya bi a da su zana, su gwada da inda ya rage yanzu, da sun fahimci wani ɓangare na rikicin manoma da makiyaya fiye da yadda ake yi musu bayani a rediyo.

Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi. Na farko shi ne mai cewa waya ta riga ta gama wannan aiki, ga Google Maps a aljihun kowa. To, wayar tana gaya maka ka juya dama ka juya hagu, amma ba ta gaya maka filin nan kududdufi ne shekara 30 da suka wuce. Kuma wanda bai san ma'auni da kusurwa ba, ko an buɗe masa hoton tauraron ɗan Adam kallo kawai zai yi. Lungunan cikin birni da yawa ma babu sunansu a ciki. Ni ban ce a jefar da waya ba. Google Earth yana da wurin da ake komawa baya a ga hotunan shekarun da suka wuce, kuma waya ɗaya ta malami ta isa a nuna wa rukuni yadda badala ta riƙa ɓacewa gini bayan gini. Amma sai wanda ya taɓa zana taswira da hannunsa yake gane abin da yake gani.

Na biyu shi ne cunkoso da tsaro. Ajin da ke da yara sama da ɗari, wa zai kwashe su ya fita da su titi? Wannan gaskiya ne, kuma iyaye, musamman na 'yan mata, suna da haƙƙin su ƙi. Amma kusan duk abin da na lissafa a cikin harabar makaranta ake yin sa, ko a gida. Hirar dattawa, kaka ce da kakan yaro, ko maƙwabcin da iyaye suka yarda da shi. Fita guda ɗaya a zango, zuwa Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ko marinar Ƙofar Mata, rukuni-rukuni da sanin iyaye da mai unguwa, ba ta fi ƙarfin makaranta ba. A marinar ma akwai aiki: ana cewa tun 1498 take, to yara su tambayi masu rinin a ina aka samo wannan shekara.

Na uku shi ne jarrabawa. Malami zai ce abin da za a tambaya a jarrabawar kammala aji uku shi zan koyar, kuma ba za a tambayi taki ba. Nan kam sai an taɓa masu tsara jarrabawa. Amma makin gwaji na cikin zango a hannun makaranta yake. Me zai hana a ce taswirar unguwa da rahoton shafi biyu su ne gwajin wannan zango? Kuma a ganina yaron da ya zana faɗaɗawar Rumfa da launi zai fi tuna sunan Rumfa a ɗakin jarrabawa fiye da wanda ya haddace shi daren jiya.

Na huɗu shi ne wanda ba a cika faɗa a fili ba: tono tarihi yana tono abin da wasu gidaje ba sa so a ji, kamar zancen bauta, ko asalin wata zuriya, ko rigimar sarauta, ko iyakar gona. Wannan ma gaskiya ne, kuma dole malami ya yi hattara, ya zaɓi batutuwan da suka dace da shekarun yaran, ya koya musu cewa abin da dattijo ya ce kada a rubuta, ba a rubutawa. Amma mu sani, in ba a koya musu a aji ba, za su ji a TikTok da WhatsApp, daga bakin wanda ba ya ambaton inda ya samo, yana nuna taswirar da babu wanda ya san wa ya zana ta. Kullum muna ganin irinsu a guruf-guruf ɗinmu, an shafa wa wani yanki launi an ce daular su wane ce a shekara kaza, mutane suna ta turawa suna zagin juna. Mu da muke manyan makarantu ma muna faɗawa. Maganin wannan shi ne mutum ya taso da tambayar wa ya faɗa, ta yaya ya sani.

Saura tambayar wa zai yi. Malamai 3,700 a ƙasa mai jihohi 36 da Abuja, ɗari-ɗari kenan kowace jiha, kuma kowa ya san yawan makarantun jihar Kano kaɗai. Malamin Soshiyal da aka miƙa wa tarihi ba lallai ne ya taɓa riƙe kamfas ba, kuma ba laifinsa ba ne. A nan ne nake ganin muna da rawar takawa. A makarantar nan akwai 'yan safiyo, akwai 'yan tsara birane, akwai masu zanen gine-gine, akwai 'yan kwamfuta, akwai masu koyon aikin jarida da suka san yadda ake yin hira. Kowace shekara muna rubuta furojet, a ɗaure da baƙin bango, a jibge a ofis ƙura ta rufe. Muna kuma kashe kuɗi a makon ɗalibai wajen riguna da kiɗa da hayar kujeru.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai ita ce a gwada abu ƙarami. A zaɓi ƙananan sakandare biyu da ke kusa da mu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata. A rubuta takarda ta hannun shugaban sashe zuwa ga shugabannin makarantun da hukumar ilimi, a nemi izini yadda ya kamata. A samu masu sa kai 20, mata su je makarantar mata. Sati shida, awa ɗaya a sati, tare da malamin ajin, ba a bayan idonsa ba, domin shi zai ci gaba idan mun tafi. Kayan aiki: kwali, fensir, rula, igiya, da kwafin taswirar Barth da hoton unguwar daga sama, waɗanda kuɗin buga su bai kai na rigunan kwamiti ɗaya ba. A sati na ƙarshe a liƙa taswirorin yaran a bango, a gayyato iyaye da mai unguwa da dattawan da aka yi hira da su. Sashen da ya ga dama ya amince wa ɗalibansa su mayar da wannan aiki furojet ɗinsu.

Ganuwar nan tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 domin a duba yiwuwar sa su cikin kayan tarihi na duniya, amma duk mai bin titin da ya taso daga Ɗan Agundi zuwa Kabuga yana ganin abin da ya rage da abin da ya tafi. Dattawan da suka san inda kowane kududdufi yake, da inda burtali ya bi, su ma kullum raguwa suke yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙannenmu da ke aji ɗaya yau su ne za su zama masu unguwa da dillalan filaye da ma'aikatan ofishin ƙasa nan da shekara 20. Ni nan da 'yan watanni zan bar makarantar nan, amma kafin in tafi a shirye nake in ba da Asabar ɗina. Duk wanda yake da ra'ayi, ko yake ganin akwai gyara a wannan shawara, ya ajiye sunansa da sashensa a ofishin ƙungiya, mu zauna kafin a fara jarrabawa. Allah Ya ba mu sa'a.